Dambun masara na ranar Layya

Wanda bai taɓa yin Babbar Sallah a Maraɗi ba zai ɗauka tun da hantsi ake fara cin nama. Ina! Sai an sauko daga idi, liman ya yanka nasa, sannan magidanta su yanka, a feɗe, a buɗe kowane rago a ɗaure shi bisa sanduna biyu da aka gicciya, a jera su kewaye da wutar icce a ƙofar gida. Nan za su wuni suna gasuwa a hankali har yamma, rabon nama kuwa sai washegari. Abin da ke shigowa hannun mata ranar farko kayan ciki ne, su hanta da ƙoda da huhu da tumbi da hanji. Kayan cikin raguna huɗu in aka soya ba su fi cikin baho guda ba, ga mutanen gida da baƙi da masu shigowa barka da sallah sun haura 50. Dole a sami abin da zai tare ciki. A gidan mijina dambun masara ne da zogale, kuma bana surukata, wadda duk gida ke kira Inna, ta ce ni zan yi. Tiya 6 ta yanka mini.

Na saba yin dambun rabin tiya a ɗakina, na mutum biyar ko shida. Na taro wani aiki ne daban, kuma tun daga kasuwa bambancin ke farawa.

Mu nan gero da dawa da wake da gyaɗa muka fi nomawa. Masara akwai ta a fadamun Gulbin Maraɗi, amma ba ta isar gari. Mafi yawan wadda ake aunawa a kasuwa daga Najeriya take shigowa ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, wata kuma daga Benin. Shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa tiya. Lokacin da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, matan gida ba su buƙaci rediyo ya gaya musu ba, a wurin mai awo suka ji. Ga kuma wani abu: a ƴan shekarun nan Layya tana faɗowa ƙarshen rani ne, gab da shuka, don haka duk masarar da za ki samu ta bara ce, ta daɗe a buhu. Sai da ido da hanci. Na tura hannu har ƙasan buhun na ɗebo, don na sama kullum mai kyau ce. In kika ga gari-gari ya manne miki a tafin hannu, ko ƙwayoyin da ƙananan huji, ƙwaro ya riga ki ci. In kika shinshina kika ji warin rima, ki wuce. Ƙwayoyin da suka yi baƙi-baƙi ko kore-kore kuwa ba na wasa da su ko kaɗan, don funfunar da ke kama masara da gyaɗa in sun sha danshi tana barin dafi mai taɓa hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Ko bayan na kawo masarar gida sai da muka baza ta a faifai muka tsince irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Fara na saya. Ja tana da nata garɗin, amma a gidan nan fara ake so, don koren zogale da jan tattasai sun fi fitowa a cikinta.

Surfe tun kafin jajibiri na yi shi. Duk wadda ta bari sai ranar jajibiri ta san layin da za ta tarar a wurin inji, kwanoni jere tun daga ƙofa har bakin titi, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kuma kowa ya zauna jugum. Tiya 6 ta fi ƙarfin turmi ɗaya da hannu biyu, sai muka kai inji aka surfe, muka dawo da ita muka bakace. Dusar ba ta yi nisa ba, ragunan da ke ɗaure a bayan ɗaki su suka cinye abinsu. Daga nan wanki, ruwa na bin ruwa har ya fita fes, sannan shanya bisa tabarma, da yarinya guda riƙe da kara tana korar kaji. Sai ta bushe ƙayau kafin a koma inji. Masara mai danshi in ta shiga inji ba ta ɓarzuwa, damewa take yi.

Wurin ɓarzo ban aiki yaro ba, da ƙafata na tafi.

"Malam, ɓarzo ne hwa, ba niƙa ba. Na dambu."

"Na ji, Hajiya."

"To a fara fidda na baya tukuna."

Ya yi dariya, amma ya san abin da nake nufi. Ragowar niƙan wanda ya riga ki yana maƙale a cikin injin, in gero ne ya ɓata miki launi, in kayan yaji ne kuwa an gama da ke. Ya zuba ƴar kaɗan ta wanke ciki, ya sassauta injin, ya tara mini hannu guda na duba. Ta yi laushi da yawa. Ya ƙara sassautawa har tsakin ya fito kamar karyayyar shinkafa, ƙasa da ita kaɗan, sannan na ce a zuba sauran.

A ganina rabin dambu a rariya ake gama shi. Abin da ya fito daga inji kashi uku ne a haɗe: gari, da tsaki matsakaici, da manyan ɓarzo da suka kuɓuce wa injin. In aka turara su tare, garin zai jiƙe ya toshe hujin madambaci ya dunƙule, manyan kuma su fito da gaba-gaɗi suna ƙaras a baki, alhali matsakaitan sun daɗe da nuna. Sai na tankaɗe da rariya mai laushi na fidda gari na ajiye na tuwo, na sake da mai faɗin ido na ware manyan, aka ɗan taɓa su a turmi aka sake tankaɗewa. Cikin tiya 6, da aka cire dusa da gari, abin da ya rage na tsaki bai wuce tiya 4 ba. Duk mai lissafin dambun taro ta riƙe wannan, don a nan ake yin awon da ba ya isa.

Zogale kuwa Allah ya hutar da mu, ko da rani ba ma rasa ɗanye. Gonakin ban-ruwa na Jiratawa, nan kudu da gari, tun farkon shekarun 1980 suke, kuma zogale na cikin abin da aka fi sanin su da shi. Da safe mata ke shigowa da shi dami-dami, wasu ma dafaffe. Busasshe yana yin dambu, ban hana ba, amma yana baƙi kuma sai an daɗe ana dafa shi kafin ya saki. Ɗanye na sa aka sayo ranar jajibiri. Ranar Arfa ce, yawancinmu da azumi a baki, muka zauna ƙarƙashin rumfa mu huɗu muna zage ganye, ana ta hirar ɗinkin da tela bai gama ba. Aikin da ke cin rai shi ne cire ƙananan tsinkayen da ke biyo ganyen. Ba sa nuna komai daɗewarsu a wuta, kuma babu abin da ke zubar da girman dambu irin baƙo ya riƙa zaro tsinke daga baki yana ajiyewa a gefen tire. Facalata babba, wadda nake kira Yaya, ta ce su a gidansu ɗanye suke zubawa cikin tsaki ya turaru tare. Yana yi, a ƙaramin girki. A na taro ganyen ɗanye cika madambaci yake yi, ya hana tsaki wuri. Na wanke shi da gishiri, na ba shi tafasa ɗaya, na tsame na matse, baho biyu suka koma rabin guda, ɗacin ma ya ragu.

Sauran kayan ba su da wani dogon labari. Albasa ta Galmi, mai ruwan hoda, tsibi babba. Ɗanyen tattasai da attaruhu a jajjaga sama-sama, ba a niƙa ba, don niƙaƙƙe ruwa yake saki. Yaji na daka da busasshen tattasan Diffa da tonka da citta da masoro da ɗan kanumfari. Man gyaɗa lita 2 da ƙuli-ƙuli daga wurin maƙwabciyarmu da ke matsa da hannunta. Man bidon ya fi araha, amma a garin gyaɗa a yi dambun Sallah da man da ba ya ƙamshi, ni dai ban ga dalili ba.

Ranar Sallah tun kafin kiran assalatu na tashi. Na zuba tsakin a babban baho na tara masa ruwa, sauran dusar da ta ɓuya ta taso sama na tsiyaye. Sai regaya da ƙwarya, kaɗan-kaɗan, ina juyawa ina karkatowa, tsakin na wucewa yashi na kwantawa a ƙasa. Masarar da aka shanya a ƙasa tun a gona ba ta rasa tsakuwa, kuma ƙwaya ɗaya tak in ta haɗu da haƙorin baban gida ita za a tuna, ba sauran dambun ba. Na juye a kwando mai shimfiɗe da tsabtataccen buhu, na bar shi ya tsane har aka idar da sallar asuba. Yadda nake gane ya yi: in dunƙula a hannu ya tsaya, in taɓa shi da yatsa ya wargaje. In ya ƙi tsayawa ya bushe da yawa, in ya ƙi wargajewa ruwa bai gama fita ba.

Madambaci biyu muke da su, na ƙasa na Inna wanda ya girmi aurena, da babban na alminiyom da muka aro a maƙwabta. Na ɗora tukwane, na sa ruwa daidai yadda ko ya tafasa ba zai taɓo gindin madambacin ba. Inna ta miƙo mini ƴar dala biyar ta ce in jefa a kowace tukunya. Muddin akwai ruwa za a ji tana ƙarar rawa a ƙasa, in ta yi shiru ruwa ya ƙare, a ƙara kafin ƙauri ya hau. Mahaɗar tukunya da madambaci kuwa na dama ɗan garin da na tankaɗe, na tsoma tsumma mai tsabta a ciki na naɗe ta zagaye. Duk tururin da ya fita ta gefe icce ne aka ƙona a banza, icce kuwa ranar Layya sai an yi da gaske, don maza tun dare suke kwashe manyan guma-gumai su kai ƙofar gida, su bar wa mata ƙirare.

Yaya ta leƙo ta ga babban madambacin, ta ce ai wannan zai ɗauke tsakin duka, a zuba a huta. Ni ban ce komai ba, na dubi Inna.

"Mi kuke ma sauri? Ragon ma sai marece. Ɗiyata, kasa shi ukku."

Nan ne gaba ɗaya sirrin dambun taro yake. Tururi hanya mai sauƙi yake bi. In tsaki ya yi tsawo a madambaci, nauyin na sama yana danne na ƙasa, tururin ya rasa ta inda zai ratsa sai ya bi ta gefe-gefe ya fice. A sauke a tarar ƙasa ya caɓe, gefe ya nuna, tsakiya kuwa ɗanye shar. Ƙara wuta ba ya magani, ƙona ruwa kawai yake. Don haka ban bar zurfin tsakin ya wuce taƙi guda ba. Kuma ban zuba ba sai da na ga tururi na fitowa ta hujin, sannan na riƙa barbaɗa shi da hannu, sako-sako, ba dannawa. Na rufa da farin ƙyalle kafin murfi, don gumin da ke taruwa a murfin kada ya riƙa ɗiga ciki.

Ba daga ɗorawa nake lissafi ba, daga lokacin da tururi ya huda tsakin ya fito sama ne. Daga nan kamar minti 40. Maza na ta shiri, yara na kuka an sa musu sabon takalmi mai matsi, gida ya cika da ƙamshin turare, ni ina tsugune gaban murhu da zanen aiki. Suna fita idi na sauke turarin farko.

A wannan matakin tsakin ya yi zafi ya ɗan kumbura, amma cikinsa da saura. Masara ba shinkafa ba ce, tana da taurin rai, tururi kaɗai ba ya ratsa ta sai ta sha ruwa a tsakani. Na juye a baho, na farfasa dunƙulen da muciya, na narka gishiri a ruwan ɗumi na riƙa yayyafawa da hannu ina juyawa. Nawa ne ruwan? An tambaye ni, na rasa amsar da ta wuce in ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ina yayyafa kaɗan, in jira ya shanye, in ƙara, har in ji tsakin ya yi sanyin taɓawa a hannu amma bai manne ba. Gishiri a cikin ruwan ya fi, don ta haka yake shiga ƙwayar, wanda aka barbaɗa daga baya a waje yake tsayawa, loma ɗaya ta yi zau ta gaba ta yi lami. Na rufe bahon na bar shi ya huta kamar rubu'in awa, a lokacin kaso na biyu ya hau wuta.

Sai haɗi. Zogalen da na matse na warware shi da yatsu don kada ya zauna curi-curi, na zuba albasa rabi, jajjagen tattasai da attaruhu, magi da na murƙushe, da ludayi guda na mai don ƙwayoyin su rabu. Na cuɗa da hannu biyu tun daga ƙasa har ko'ina ya yi kore da ja, na mayar madambaci. Turari na biyu bai kai na farko daɗewa ba, wajen minti 30. Ƙamshi ne ke fara ba da labari, don da zarar zogale da albasa sun haɗu da tururi har zaure ana ji. Amma ba na yarda da hanci kaɗai. Na ɗebo daga tsakiya, ba daga gefe ba, na murje ƙwaya tsakanin yatsu biyu. In ta baje ba farin ido a cikinta, ta nuna.

Lokacin an dawo daga idi, an yi yanka, yara maza na ta shigowa da kayan ciki a roba suna ɗiga jini a tsakar gidan da aka share da asuba. Yaya da sauran mata suka karɓi wankin hanji da suya, ni na tsaya kan nawa. Na soya man gyaɗa da sauran albasar har ta yi ja, na kwarara kan dambun da zafinsa, na juya.

Ƙuli-ƙuli da yaji ban haɗa su ciki ba. Dakakken ƙuli in ya daɗe a dambu mai zafi jiƙewa yake ya yi nauyi, garɗinsa ya tafi, shi ya sa sai an zuba a tire ake barbaɗawa. Yaji kuma kowa da bakinsa, akwai tsofaffi masu gyambon ciki, akwai yara. Wani abin da na kiyaye shi ne zafin gari. A irin wannan lokaci rana a Maraɗi tana haura digiri 40, dambu mai ganye da albasa in aka kulle shi da zafi a kula, gumi zai yi, kafin magariba ya fara tsami. A manyan masakai na baza shi na rufa da faifai yana shan iska. Kaso na ukun ma a turarin farko na tsayar da shi, ban haɗa masa komai ba, sai bayan la'asar na ƙarasa shi saboda baƙin yamma su sami mai zafi.

Da azahar aka fara fitar da tire. Na maza masu gadin wuta a ƙofar gida shi ya fara tafiya, dambu a ƙasa, soyayyar hanta da tumbi a sama, da ɗanyar albasa da aka yanka a lokacin. Sai na tsofaffi, na mata, na yara, da kwanonin maƙwabta, da almajiran da suka yi layi a zaure. Inna ta sa hannu ta ɗebi loma, ta tauna a hankali, ta sake ɗiba daga wani gefen.

"Ya yi washar-washar. Gishiri ya ji. Attaruhun ne kika ji tsoro."

"Saboda yara ne, Inna."

"Yaran gidan ga? Miƙo mini tonka."

Tiren maza ya dawo ba ko ƙwaya, da saƙon a ƙaro. Na yamma shi ma bai kwana da yawa ba, abin da ya rage bai fi cikin kwano biyu ba. Da safe, ana ta sarar nama ana kasawa na dangi da na maƙwabta, Yaya ta ɗumama shi a kasko da ɗan kitsen rago, waɗanda suka riga tashi suka cinye a tsaye. Madambacin aro kuwa na wanke shi na kankare kullun da ya bushe a gindinsa, aka mayar wa masu shi tare da kason namansu. Na riga na gaya wa maigida cewa kafin Sallar baɗi sai ya sa maƙera sun zuba mana namu, mai faɗi ba mai zurfi ba.